Wasiƙa zuwa ga ƙanena kan ƙaura zuwa duniyar Mars

Tiga, Ƙaramar Hukumar Bebeji

Ƙanena Sani,

Ya karatu? Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Na ga saƙonka kan burin Elon Musk na kwashe mutane zuwa duniyar Mars, har a juya ta ta yi kore shar kamar tamu. Ka ce zai yiwu, tunda ɗan Adam ya saba sarrafa ƙasa, ka kafa hujja da dam ɗinmu na Tiga. To, ni ma da shi zan ba ka amsa.

Gaskiya ne, a zamanin Audu Bako aka tare Kogin Kano, aka gama aikin a 1974, kuma albarkacinsa ake noman rani daga Kadawa har Kura, ga shinkafa ga alkama ga tumatir. Amma zauna da dattawan da ruwan ya cinye wa gonaki ka sha labari. Sannan ka gangara Haɗejiya da Nguru. Da aka riƙe ambaliyar da ke shayar da fadamunsu duk damina, sai ruwa ya koma tafiya sululu rani da damina, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki da wuraren kamun kifi. Babu injiniyan da ya nufi haka. Kogi ɗaya ke nan fa, a ƙasar da kakanninmu suka san ciki da bayanta.

Mars kuwa, kusan kashi 95 cikin 100 na iskarta kabon dayoksaid ne, ba ta shaƙuwa. Matsakaicin sanyinta ya kai digiri 60 ƙasa da sifili, ga tafiyar wajen wata bakwai. A 1991 an rufe mutum takwas a wani makeken gidan gilashi a Arizona ta Amurka, da gonarsu da itatuwansu, don su rayu da abin da ke ciki kaɗai. Iskar numfashi ta dinga raguwa, sai da aka ɗura musu daga waje. A Mars wa zai ɗura?

Ban ƙi a aika na'urori ba, neman ilimi ne. Ni kaina ina son hotunan da na'urar Perseverance ke aikowa tun saukarta a 2021. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu da muke kallon buhunan gawayi jibge a bakin titin Tudun Wada, dajin Falgore yana ƙara sarari, ga tsofaffin ramukan kuza a Riruwai, ban ga da wane baki za mu ce za mu raya ƙasar da ko ciyawa babu ba.

Tunda injiniya kake karantawa, don Allah ka ba fannin ruwa ƙarfi. Nan ake buƙatarka. In za ka taho hutu, ka riƙo wa Inna man zafin nan.

Wassalam.

Yayanka,
Habibu