Gadar Anacha: Daga Jirgin Fito Zuwa Kankare

Kafin 1965, duk motar da ta taso daga yamma ta nufi gabashin Najeriya, a bakin ruwan Asaba take cin birki. Nan direbobi ke jerin gwano suna jiran jirgin fito ya tsallakar da su kogin Kwara zuwa Anacha, in layi ya yi tsawo kuwa sai kwana.

Da aka tashi gina gada, kogin ne ya gindaya wa injiniyoyi sharuɗɗa. Faɗinsa a wurin ya haura kilomita ɗaya, ƙasansa yashi ne mai zurfi, ruwansa na cika ya batse da damina ya janye da rani, ga kuma jiragen kaya masu haurawa Lokoja da ke buƙatar hanya. Kowane ginshiƙi da za a kafa cikin ruwa kuɗi ne da haɗari, don haka dabara ita ce a rage yawansu, a faɗaɗa tazarar da ke tsakaninsu. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya yi nazarin wurin, Dumez na Faransa ya yi ginin daga 1964 zuwa 1965. Tsawon gadar ya kai kimanin mita 1,400, da manyan gaɓoɓi takwas, kowace mita 128.

Abin da ya ba da damar wannan tazara shi ne saƙar ƙarfen nan da matafiyi ke gani a gefensa da samansa. An harhaɗa ƙarafan ne alwatika-alwatika, domin siffar ba ta karkacewa in an danne ta. Mota na hawa, wasu ƙarafa su matsu, wasu su miƙe, nauyin ya bi su har ya sauka kan ginshiƙi.

Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ne ya buɗe ta, gab da juyin mulkin Janairun 1966. Ba ta shekara biyu ba yaƙin basasa ya ritsa da ita: a 1967 sojojin Biyafara suka karya sashenta, dakarun Murtala Muhammad suka gwada tsallakawa da jiragen ruwa, aka yi asarar rayuka masu yawa. Bayan yaƙi aka gyara ta, ta ci gaba da ɗaukar tirelolin shanu da albasa da tankokin man da nauyinsu ya zarce lissafin masu zanenta. Hannu biyu kacal gare ta, shi ya sa cunkoson watan Disamba ya zame mata ciwon shekara-shekara.

Gada ta biyu, wadda Julius Berger ya gina aka ƙaddamar a Mayun 2023, da wata dabara ta zo. Kankare ne da aka ɗaure da igiyoyin ƙarfe a cikinsa, tsawonta kilomita 1.6, hannu shida, tazarar tsakiyarta mita 150. Daga kan ginshiƙi aka riƙa zuba gaɓa hagu, gaɓa dama, kamar ɗan ga-ruwa mai daidaita garwa biyu a sanda, har hannuwan suka haɗu a saman ruwa.

Shekara 58 ke tsakanin gadojin biyu, amma buƙatarsu ɗaya ce. Ƙarfe na son fenti kafin tsatsa ta ci shi, kankare na son a riƙa duba mahaɗansa, dukansu kuma ba sa jure lodin da ya wuce ƙima. Gini na 'yan shekaru ne, kulawa ce ba ta da ranar ƙarewa.