Sifika biyar a kan kanta ɗaya

Duk wanda ya shiga falon sabon aure a Samaru ko Sabon Gari ya san yadda ake ajiye hom tiyata. Talabijin a tsakiya, dogayen sifikoki biyu a dama da hagu, ƙananan uku a jere a gabansa, wufa a ƙasa, wani lokaci har da furen roba a kansa. 'Yan jere sun yi aikinsu, ido ya gamsu. Kunne ne kawai ba a yi shawara da shi ba. An biya kuɗin sifika biyar, amma sautin duk daga kusurwa ɗaya yake fitowa, kamar rediyon mai shayi.

Mu da muka taso tsakanin Hayin Dogo da kasuwar Samaru mun san yadda cinikin yake. A hau mota, a wuce Kwangila, a sauka PZ, mai shago ya jona kayan ya murɗa ƙara har gilashin kantarsa ya fara rawa. Wanda ya fi girgiza ƙirji shi ake ɗauka. Dubban wat ɗin da aka rubuta a jikin kwali ma ado ne na talla, ba ƙarfin da injin yake iya riƙewa ba. Ba wanda yake tambayar inda za a ajiye kowace sifika, alhali nan ne rabin kuɗin yake tafiya.

Abin da ya haifar da wannan fasaha tun farko ba ƙara ba ce, wuri ne. A 1931 wani injiniya a Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar dabarar sauti mai hanya biyu, kuma abin da ya dame shi a silima shi ne ɗan wasa yana gefe guda na majigi, muryarsa tana fitowa daga wani gefen. Kamfanin Disney ya gwada zagaye masu kallo da sifikoki a fim ɗin Fantasia a 1940. Tsarin Dolby Digital mai hanya biyar da wufa, wanda ake rubutawa 5.1, ya shiga silima a 1992. Duk wannan wahala saboda kunnen mutum ne. Idan sauti ya taso daga dama, yakan riga isa kunnen dama da ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma wannan ɗan bambancin ya ishi ƙwaƙwalwa ta ce ga inda abin yake. Idan aka tara sifikokin wuri guda, an kashe bambancin.

Tsarin da masu haɗa sautin fim suke bi ba shi da wuya, agogon bango ya isa a gane shi. Mai kallo yana tsakiyar agogo, talabijin yana kan ƙarfe 12 tare da sifikar tsakiya. Na gaba biyu suna kan 11 da 1, wato digiri 30 kowane gefe. Na baya biyu kuwa ba a bayan ƙeya suke ba, kusan kan 4 da 8 suke, tsakanin digiri 100 zuwa 120, gefe da gefe suna ɗan komawa baya.

To amma wanda ya zana wannan agogo bai taɓa shiga falonmu ba. Shi a tunaninsa kujera ɗaya ce a tsakiyar ɗaki tana fuskantar talabijin. Mu kuwa kujerunmu sun jingina da bango sun zagaye ɗakin, kujerar maigida tana gefe inda zai ga mai shigowa, yara suna ƙasa a kan kafet, baƙuwa ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi matsowa. Kunnuwa goma, kowanne da tsayinsa. Dole a zaɓi wuri ɗaya a auna komai daga nan, kuma mu a ganinmu doguwar kujera mai cin mutum uku da ke kallon talabijin ita ta cancanta. Idan da hali a janyo ta daga bango ko da taku ɗaya ne. Idan ɗakin ya yi ƙunci, irin ciki da falon da ake haya a Samaru, sai a kafa na bayan a bangon gefe, sama da kan mai zama da kamar santimita 60, suna kallon juna. Mutane sukan kai su can kusa da silin don gudun hannun yara. Uzuri ne mai kyau, sai dai a sunkuyar da su ƙasa, in ba haka ba da rufin ɗaki suke hira.

Sifikar da aka fi rainawa ita ce ta tsakiya, don ita ce ƙarama mai kwanciya. Ita ce kuwa mai ɗauke da maganar 'yan wasa. A gidan wani abokinmu a Sabon Gari mun tarar an tura ta cikin durowar kanta, bayan gilashi. Mahaifiyarsa, wadda jinta ya fara raguwa, kullum cewa take: "Kai wane, ƙaro mini, ba na jin me suke faɗa." Ya ƙara, magana ba ta fito ba, wufa ya ƙara rugugi. Bangon kuma na haɗaka ne, a ɗaya gefen akwai mai jego. Maganar har ta kai gaban mai gidan haya. Abin da muka yi bai kai na minti goma ba: muka fito da sifikar bakin kanta daidai ƙarƙashin talabijin, muka ɗan ɗaga gabanta ta kalli fuskar masu zama, muka ƙara mata ƙarfi ita kaɗai a rimot, muka rage wufa. Hajiya ta ce: "Yanzu na ji, Allah ya yi muku albarka." An rage ƙarar gaba ɗaya da kusan rabi.

Wufa shi ne wanda bai damu da agogo ba. Sauti mai kauri, ƙasa da hez 80 ko kusa da haka, kunne ba ya iya nuna inda ya fito, don haka ana iya ajiye shi ko'ina. Amma lungu yana ƙara masa kumburi, kuma wannan kaurin shi ne yake ratsa bulo ya shiga ɗakin maƙwabci. A raba shi da bangon haɗaka, a sa masa ninkin kafet ko roba a ƙasa. Akwai wata dabara da masu abin suke yi: a ɗora wufan a kan kujerar da ake zama, a kunna kiɗa, sai mutum ya rarrafa gefen bango yana saurare, inda ya ji sautin ya zauna ba gurnani, nan ne mazauninsa. A dai rufe ƙofa tukuna, kada uwargida ta shigo ta ga magidanci yana rarrafe.

Wajen kafawa ne bangonmu yake nuna halinsa. Bulon siminti rami ne a ciki, ƙusar kankare takan fasa shi ta faɗa fanko, wata biyu sai a ji sifika a ƙasa. Gara a huda da injin huji, a sa fisha ta roba, a ɗaure da sukuru. Tsofaffin gidajen ƙasa da aka shafe da siminti kuwa ba su riƙe ko wannan, filastar ce take ɓallowa da faɗinta. Nan sai a je wurin mai walda ya yi ƙafar ƙarfe mai faɗin gindi, ko kafinta ya yi ta katako. Wannan ita ce mafitar ɗan haya ma, wanda aka gargaɗa kada ya taɓa bango, ranar tashi ya ɗauki abinsa.

Wayar da take zuwa a kwali da wuya ta kai bayan falo, kuma muna zargin wannan yana cikin dalilan da suke sa a jere komai a gaba. A sayi ƙari, mai jan ƙarfe na gaske, a bi da ita gindin bango cikin bututun roba saboda ɓera. Ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi. Idan aka juya ɗaya, sifikar tana turawa ne lokacin da 'yar uwarta take ja, sai sautin ya sirance ba a san dalili ba. Sai tayil. Falon da yake tayil da bango tsirara, a tafa hannu sau ɗaya za a ji amsa-kuwwa. Kafet a tsakiya da labule mai nauyi sun fi sabon inji amfani.

Bayan an gama duk wannan, akwai abin da mai shago ba zai faɗa ba. Yawancin abin da muke kallo, finafinan Hausa, fassarar Indiya, abin da masu turi suke zuba mana a memori, hanya biyu ne kawai, wani ma ɗaya. Ƙananan injina masu araha sukan kwafi sautin nan su watsa shi ga duka biyar, a ji ko'ina ya ɗauka a ce ya yi. Fim mai 5.1 na gaskiya ba haka yake ba. Ana iya daɗewa na bayan ba su ce komai ba sai ɗan motsin iska, sannan ruwan sama ya sauko ko jirgi ya wuce ta saman kai. Wani maƙwabcinmu, da muka gama jona masa da faifan DVD na asali, ya kara kunne a sifikar baya ya ji shiru, har ya fara neman rasit zai koma PZ. Muka ce ya zauna tukuna. Can cikin fim aka ƙwanƙwasa ƙofa daga baya ta hagu, ya juya ya ce wa yaronsa ya je ya ga wa yake sallama.