Sunan da Aka Ambata a Majalisa

A da, idan aka ce an yi ɓarna a ƙasar Kebbe, kowa ya san abin da ake nufi. Ko dai ɓarawo ya ƙetare danga da dare ya kwance sa, ko shanu sun shiga gona, dagaci ya kira manomi da makiyayi ya yanka diyya. Ana jin zafi, amma kowa a ɗakinsa yake kwana.

Ba rana ɗaya abin ya sake kama ba. Wutar ta daɗe tana ci a Zamfara kafin ta tsallako. Lokacin da aka kashe mutane a Tabanni ta ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, yawancinmu a kudancin Sakkwato mun ɗauke shi bala'in mutanen gabas, muka yi musu addu'a, muka koma gona. A ranar 17 ga Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. A watan Satumba na shekarar nan gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jiharmu, wata guda bayan haka aka buɗe wa mutane wuta a kasuwar Goronyo. A farkon 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindigar nan a matsayin 'yan ta'adda. Sunan ya canja a takarda, baburansu kuwa ba su daina shigowa ba, har suka iso mu, domin ƙasar Kebbe tana da iyaka da Zamfara, daji kuma bai san iyaka ba. Yau akwai gidaje a Fakku da ƙauyukan kewaye waɗanda masu su suka kulle, suka tafi neman mafaka wajen dangi.

Na shekara fiye da ashirin ina sayen hatsi a kasuwannin yankin nan, kuma abin da na lura shi ne ɓarnar ta tashi daga kan dabba ta koma kan mutum. Sa yana da farashi a kara, ana iya lissafin asararsa. Mutum kuwa sai abin da masu garkuwa suka yanka, kuɗin fansa kuma yakan cinye rumbu da gona da shanun noma, har da abin da dangin da ke Legas suka tara. Wanda zai sace sa idonsa ya ishe shi. Wanda zai sace mutum sai ya san wa ya sayar da albasa makon jiya, wa ɗansa ya aiko da kuɗi, a wane ɗaki maigida yake kwana. Wannan sani daga cikin gari yake fita. Shi ya sa kalmar infoma ta shiga bakin kowa, har yara.

A nan nake so mu tsaya, 'yan'uwa, domin a nan ne abin ya taɓa mu kai tsaye. Masu tsegunta wa 'yan bindiga suna nan, ba ƙage ba ne. Amma tun da aka san da su, kowane maƙwabci ya zama abin tuhuma. Manomi ya daina faɗin dami nawa ya samu. Baƙon da a da za a shimfiɗa masa tabarma a zaure, yanzu sai an tambayi asalinsa. Matan Fulani masu tallar nono, waɗanda iyayenmu suka yi cinikin shekaru da iyayensu, suna ratsa layi kai a sunkuye, alhali da yawa cikinsu garken mazajensu aka fara korawa daji. Har a sujadar godiyar kaka na ga dattijon da ya saba kawo buhu ya kawo tiya biyu, ba don rowa ba, don gudun ido.

Akwai wani saurayi da ke cajin waya a bakin wata kasuwa da nake ci. Ya sayi sabon babur. Kafin mako ya zagayo, maganar ta tashi daga «ina ya samu?» ta koma «an ce», ta koma «an gan shi». Na san yayansa da ke aikin gini a Abuja, na kuma san shi ya aiko da kuɗin, domin ta hannun abokin cinikina suka biyo. Na faɗi haka a majalisar da muke shan shayi. Wani ya ce, «Malam, kai baƙin hatsi ka sani, mu muka san 'ya'yanmu.» Wanda ya fara ta da zancen kuwa, kowa ya san yana da tsohuwar rigimar gona da mahaifin yaron. Sai na tuna da Nabot, wanda shaidun zur biyu suka sa aka jajjefe shi saboda gonar inabinsa.

Mutanen Zamfara sun riga mu ganin inda wannan hanya take kaiwa. Sa'ad da 'yan sa-kai suka riƙa kashe waɗanda ake zargi a kasuwanni ba tare da shari'a ba, dangin waɗanda aka kashe suka shiga daji da ramuwa a zuci. Ban ce kada gari ya tsare kansa ba. Nakan yi kwanan sintiri idan layi ya zo kaina, kuma wanda ya ga abu da idonsa, wajibi ne ya kai wa hakimi ko jami'an tsaro. Amma a ganina mai bi ba shi da izinin ɗaukar sunan mutum daga wannan majalisa zuwa waccan a kan «an ce», a lokacin da kalma ɗaya take iya sa a ɗaure mutum a kai shi bayan gari.

Yaron ya tsira da ransa, domin limamin unguwarsu ya tsaya masa, ya kira yayan a waya a gaban jama'a. Duk da haka ya sayar da babur ɗin a kan asara, ya bi yayansa. Mahaifiyarsa tana nan, takan kawo mini wake kwano uku ko huɗu ranar kasuwa. Da na tambaye ta ko zai dawo da sallah, ta ce ita ta hana shi.