Taurari Biyar A Bakin Ƙofa, Gyambo A Ƙarƙashin Bargo

A shekarar 2021 jaridar New York Times ta bi diddigin takardun gidajen kula da tsofaffi na Amurka, sai ta ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Cikin kowane mutum tara da ke zaune a gidajen, an rubuta wa ɗaya cewa yana da sikizofreniya, wani nau'in taɓin hankali da kan sa mutum ya ji ko ya ga abin da babu shi. A cikin gari kuwa, cutar ba ta wuce kusan mutum ɗaya cikin 150 ba, kuma galibi da ƙuruciya take bayyana. To ina tsofaffi 'yan shekara tamanin suka tsinto ta?

Da yawansu a takarda kawai suka kamu. Tun 2008 gwamnatin Amurka ke ba wa waɗannan gidaje maki da taurari, daga ɗaya zuwa biyar, domin iyalai su san inda za su kai iyayensu. Cikin abubuwan da ke rage wa gida maki akwai yawan ɗirka wa tsofaffi magungunan masu taɓin hankali, waɗanda hukumar magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi tun 2005 cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga masu gigin tsufa. Amma dokar ta bar ƙofa: wanda aka rubuta masa sikizofreniya ba ya shiga lissafi. Tsohuwar da ke yawo da daddare tana kiran mijinta da ya rasu tana bukatar mai zama kusa da ita, kuma mai zama albashi ake biyan sa. Ƙwaya ta fi arha. A rubuta mata cutar, a ba ta maganin, ta wuni tana gyangyaɗi a kujera, taurarin gida kuma suna nan daram. Tun 2018 ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa a kowane mako fiye da mutum 179,000 ake ba irin waɗannan magunguna ba tare da suna da cutar da aka yi su dominta ba. A farkon 2023 gwamnati ta ƙaddamar da binciken tantance waɗannan rubuce-rubucen.

Matsalar makin ita ce wani kaso na bayanan da ake gina shi a kai, gidan ne da kansa ke aikawa. Ko zuwan sufetoci, da doka ta ce ba a sanarwa, yana da lokacin da ake tsammaninsa, tunda tsakanin wata tara zuwa goma sha biyar suke zagayowa. Wani binciken jaridar ya nuna ɗaruruwan gidaje waɗanda ranar zuwan sufeto ce ranar da suka fi cika da ma'aikata a duk shekara. Wanda ya taso zamanin duba-gari ya san yadda ake wanke randa a share tsakar gida da zarar an hango su a kan layi.

Ingila ma ta sha nata. A wani gida mai suna Ash Court da ke arewacin Landan, wata mata ta riƙa ganin tabon ƙurma a jikin mahaifiyarta mai shekara 80, wadda gigin tsufa ya hana ta faɗin abin da ake yi mata. Sai ta ɓoye kyamara cikin agogon ƙararrawa ta ajiye a ɗakin. Abin da kyamarar ta ɗauka, BBC ta nuna shi a shirin Panorama a 2012: wani ma'aikaci yana marin tsohuwar, wasu suna juya ta da ƙarfi ba ko magana. An ɗaure mai marin wata 18, an kori sauran. Kafin nan hukumar CQC, mai sa ido kan gidajen, ta riga ta ba wurin shaidar yabo mafi girma. Bayan shekara goma sha biyu, a 2024, bitar da Dakta Penny Dash ta yi wa hukumar ta gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da ke ƙarƙashinta ba a taɓa ba su maki ba, wasu kuma sun yi shekaru rabon su da ganin sufeto. Ke nan takardar da ke manne a bakin ƙofa tana iya zama labarin wani manaja da wasu ma'aikata da tuni suka bar aiki.

Tsada ma ba ta fisshe kowa ba. Littafin ɗan jarida Victor Castanet da ya fito a Faransa a Janairun 2022 ya tona yadda kamfanin gidajen tsofaffi na Orpea ke ƙididdige wa tsofaffi famfas da abinci, har a gidansa na masu hannu da shuni da ke Neuilly, gefen birnin Faris, inda kuɗin wata ya haura yuro 6,000.

To da me za a auna? Masu bincike sun daɗe suna komawa kan abu guda: hannaye nawa ke aiki, kuma suna daɗewa ko ba sa daɗewa. Wani nazari da gwamnatin Amurka ta sa aka yi a 2001 ya nuna cewa kowane tsoho na bukatar kimanin awa 4.1 na kulawa a rana, idan aka gaza haka lahani ya fara bayyana. Wani kuma da aka wallafa a mujallar Health Affairs a 2021 ya gano cewa a gida matsakaici, canjin ma'aikatan jinya a shekara ya kai kashi 94 cikin 100. Wato wadda ta yi wa Baba wanka da azumin bara, da wuya a same ta da azumin bana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aikaciyar da ta shekara uku da tsoho ta san ba ya shan shayi sai ya huce, ta san shirunsa na yau ba irin na jiya ba ne, kuma sau da yawa ita ke fara gane ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa kafin likita ya zo. Sabuwa sai dai ta karanta fayil. Shi ya sa tambayar da ta fi tona asirin gida gajera ce, kuma ba manaja ake yi wa ba. A tare mai ɗauke da tire a baranda a ce, "Baiwar Allah, tun yaushe kike nan? Da daddare mutum nawa ke hannunki?"

Sauran amsar tana jikin tsohon. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, ƙa'ida ita ce a riƙa juya shi duk bayan 'yan awoyi, galibi biyu. Idan ba a yi ba, fatar dunduniya da ta ƙugu ta fara ja, sannan ta ɓarke ta zama gyambon da kan ci har ƙashi. Ba a ganinsa sai an ɗaga bargo, kuma ɗa ko 'ya suna da ikon ɗagawa. Haka baki: busassun leɓɓa, da haƙoran roba da aka kwana ba a cire ba. Haka farce. Haka kofin ruwa da aka ajiye can inda hannu ba ya kaiwa. Lokacin cin abinci ya fi kowane lokaci faɗin gaskiya, domin ciyar da mai shanyewar jiki aiki ne na zama da haƙuri, ana jiran ya haɗiye kafin a ƙara loma. Inda hannaye suka yi kaɗan, za a ga an ajiye kwano a gaban mutum, bayan rabin awa a dawo a ɗauke shi kamar yadda aka kawo, wataƙila ma a rubuta cewa ya ƙi ci. Idan kuma da hantsi aka tarar falo cike da tsofaffi kowa kai a sunkuye, yawu na zuba, shirun nan abin tuhuma ne, a nemi ganin jerin magunguna.

Lokacin ziyara ma dabara ne. Bayanan albashi da Amurka ta wajabta wa gidajen miƙawa daga 2016 sun nuna ma'aikata na raguwa Asabar da Lahadi, har hukuma ta fara wallafa adadin ƙarshen mako daban a 2022. Mai neman gaskiya ya je Lahadi da yamma, bai faɗa ba, ya danna ƙararrawar kira ya duba agogo.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa Allah ya kiyaye, mu iyayenmu a gida suke tsufa. Haka ne, amma labarin bai yi nisa da mu ba. Daga Fabrairun 2022 da Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi, Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi tura ma'aikata, tare da Indiya da Zimbabuwe, kafin a rufe ɗauka daga waje a 2025. Hannayen da ake ƙirgawa ɗin nan, wasu na 'yan uwanmu ne, kuma su suka fi kowa sanin yadda mutum biyu ke kwana da dogon layin ɗakuna. Akwai kuma iyalanmu da suka tsufa a can, waɗanda shanyewar jiki ko gigin tsufa ya fi ƙarfin 'ya'yan da ke fita aiki tun asuba. Su suna da ƙarin tambayoyin da taurari ba sa amsawa: mace ce za ta yi wa Hajiya wanka, ko duk wanda ke bakin aiki? Akwai mai taimaka wa Malam ya yi alwala? Naman na halal ne?

Batun hannaye dai har yanzu ana kokawa a kansa a Amurka. A Afrilun 2024 gwamnatin Biden ta kafa mafi ƙarancin awa 3.48 ga kowane tsoho a rana, ƙasa da abin da nazarin 2001 ya nuna, tare da sharaɗin ƙwararriyar nas ta kasance a gida dare da rana. Ƙungiyoyin masu gidajen suka garzaya kotu suna cewa ba su da kuɗin kuma ba ma'aikatan ɗauka. A Afrilun 2025 wani alƙalin tarayya a Texas ya soke sharuɗɗan, bayan wata uku kuma majalisa ta ɗage aiwatar da su har 2034.