Yajin Injin Wanki

Mu 'yan Nijeriya kalmomi biyu muka saba da su game da wutar lantarki, watau "an kawo" da "an ɗauke". In an kawo yara su yi sowa, in an ɗauke manya su yi tsaki. Amma akwai hali na uku wanda ba mu cika kula da shi ba, alhali kuwa shi ne ya fi cin dukiyar jama'a. Wannan hali shi ne a kawo wutar amma ta zo ba ƙarfi, abin nan da mutane ke kira lo karan.

A da, wannan irin wuta ba ta ɓuya, domin ƙwan lantarki na wancan zamani yakan yi ja kamar garwashi, kowa ya gani ya tashi ya kashe firjinsa. Ƙwayayen zamanin nan masu farin haske kuwa ba su tona asiri. Ko wuta ta yi rauni haskensu yana nan, cajar wayar hannu ma tana ci gaba da aikinta, domin galibinsu an ƙera su su karɓi wuta daga bolt 100 har zuwa 240. Saboda haka gida sai ya kasance fes da haske, mai gida yana zaton lafiya lau, alhali manyan na'urorinsa suna cikin wahala.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne injin wankin gidana. Na saye shi ne bayan likita ya hana uwargida yawan sunkuyo saboda ciwon baya, ga mu kuwa mu tara a gida. Ya yi wata bakwai yana aiki lami lafiya. Da zafi ya shigo sai ya tsiri wata ɗabi'a: ya ɗebi ruwa, ya fara juyawa, sa'an nan ya tsaya cik, ya fito da waɗansu haruffa a fuskarsa yana ƙara. Wata Lahadi da dare ya yi wannan yajin da rigunan makarantar yara a cikinsa, ƙofa a kulle, ruwan sabulu cike. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, in dai haka za a riƙa yi, gara in koma wa bahona." Na san ba da wasa take ba, na kuma san abin da bahon zai yi wa bayanta.

Mai gyaran da ya fara zuwa ko minti biyar bai yi ba ya yanke hukunci. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, sai an sake wata." Kuɗin da ya faɗa ya kusa sulusin kuɗin sabon inji. Na ce ya ba ni kwana biyu, domin akwai abin da ke yi mini wasi-wasi. Injin nan bai taɓa tsayawa da hantsi ba, kullum sai bayan magariba. Ƙwaƙwalwar da ta ƙone kuwa ina ruwanta da lokacin salla?

Na nemo wani dattijo mai gyaran wutar gidaje. Shi bai ko taɓa injin ba. Mita ya fito da ita daga jaka ya soka a soket da misalin ƙarfe goma na safe, ta nuna 216. Ya koma bayan isha'i ya sake aunawa, ta nuna 164. Ya ce, "Alhaji, injinka ƙalau yake. Yunwa yake ji, shi ya sa ya ƙi aiki."

Ga bayanin yadda abin yake, mai karatu. Ƙarfin turin wuta, wanda ake aunawa da bolt, kamar ƙarfin turin ruwa ne a cikin famfo. Ma'aunin wutar gidaje a ƙasar nan bolt 230 ne, kuma injunan wankin da ake sayarwa a kasuwanninmu an ƙera su ne domin 220 zuwa 240. A cikin injin akwai mota mai juya gangar wanki, ita kuwa nauyin jiƙaƙƙun tufafi ba ya raguwa don wuta ta ragu. Idan turi ya yi ƙasa, sai ta ƙara yawan wutar da take zuƙa don ta cike gurbi. Alal misali, motar da ke bukatar wat 460 za ta ja amfiya 2 a kan bolt 230, amma a kan 160 sai ta ja kusan 3. Zafin da ke taruwa a wayoyinta kuwa ba kaɗan yake ƙaruwa ba, a wannan lissafi ya ninka biyu. In aka ci gaba a haka, rufin wayoyin ya narke, mota ta ƙone. Don gudun haka ne maƙera suka sa wa injin ƙwaƙwalwa mai auna wuta, wadda ke tsayar da kome ta nuna alama da zarar abin ya wuce haddi. Watau da na biye wa mai gyaran farko, da an bar jaki an daki taiki.

Kowane kamfani da nasa haruffan. Injunan Samsung sukan nuna UC idan wuta ta ƙi daidaita, na LG kuma PF idan ta yanke musu cikin aiki. Saboda haka abu na farko shi ne a duba ɗan littafin da ya zo da injin, a ga ma'anar alamar. Na biyu, a zare shi daga soket na 'yan mintoci a mayar, a ga ko alamar za ta ɓace. Na uku, a lura da lokacin da abin ke faruwa. Na huɗu, a sa wanda ya san aikin wuta ya auna soket ɗin, da safe da kuma dare, injin yana kashe da kuma yana aiki. Idan mita ta nuna daidai amma ta faɗi warwas da an kunna inji, to, a fara neman cutar a cikin gida: siririyar waya, ko doguwar wayar jona-jona, ko haɗin da ya yi sako-sako yana zafi. Idan kuwa tun daga bakin mitar gida wutar take da rauni, to, daga waje ne.

Tamu daga waje ta fito. Taransifomar unguwarmu an kafa ta ne tun gidaje ba su kai rabin na yanzu ba. Yau ga injunan niƙa, ga masu walda, ga na'urorin sanyaya ɗaki, da magariba kowa ya kunna nasa, sai wuta ta zama kamar tuwon mutum biyar da aka kira mutum ashirin su ci. Dattijon ya auna layuka ukun da suka shigo gidan, ya mai da mu kan wanda ya fi sauƙin kaya. Ya kuma sa na sayi sitabilaiza, ya gargaɗe ni da cewa araha ba ta ado, domin injin da ke dafa ruwa da kansa yakan ja wajen wat 2,000, ƙaramar sitabilaiza irin ta talabijin ba za ta ɗauke shi ba. Ya hana mu jona shi da ƙaramin janareta saboda dalili guda. Muka mai da wanki hantsi, da ruwan sanyi in ba dole ba. Duka abin da na kashe bai kai rabin kuɗin ƙwaƙwalwar da ba ta ƙone ba.

Sai dai fa sitabilaiza maganin gida ɗaya ce. Hasali ma tana ƙara wa layi nauyi, domin ita ma ƙarin wuta take zuƙa kafin ta ɗaga turin, maƙwabcin da ba shi da halin saye kuwa tasa ta ƙara raunana. Tun shekarar 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni daga A zuwa E, ana biyan kuɗi gwargwadon awoyin da aka yi alkawari, na rukunin A awa 20 a rana. To, awa ashirin na wutar da ba ta iya juya inji, me za a kira su? Ya kamata a riƙa auna ƙarfi kamar yadda ake ƙirga awoyi.

Shawarata ga jama'a ita ce, unguwar da ke fama da wannan cuta ta haɗa kai. A rubuta abin da mita ta nuna, da rana da lokaci, na mako biyu ko uku, a kai wa ofishin wuta a rubuce, in ba a sami biyan bukata ba a ɗaukaka ƙara zuwa hukumar da doka ta ɗora wa sauraron irin wannan kuka. Takarda mai alƙaluma ta fi tsaki ɗari tasiri. Masu gyara kuma ina roƙonsu su ji tsoron Allah, su auna wuta kafin su yanke wa na'urar talaka hukuncin kisa. Allah Ya sa mu dace, amin.