Gejin Baba bai yi ƙarya ba

 Wannan makon labarin akori-kurar Babanmu muka zo da shi.

Peugeot 404 ce. Da ita marigayi ya yi ta jigilar auduga daga ƙauyuka zuwa Funtuwa, da ita aka biya mana kuɗin makaranta. Bayan rasuwarsa ta yi shekara 11 a bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Bara mu uku muka haɗa kuɗi muka tayar da ita. Aka sauke inji aka gyara, aka yi aikin bodi, aka yi mata fenti ciki da waje har bayan dashbod. Abu ɗaya muka ce kada a taɓa: maleji da gejin mai da gejin zafi na asali, domin lambar da ke jikin malejin a nan Baba ya ajiye tuƙi.

Ranar da muka fara doguwar tafiya, Inna muka ɗauko daga biki a Zariya. Da rana lafiya lau. Magariba na yi muka kunna fitila, sai allurar zafi ta fara hawa har ta shiga ja. Muka tsaya a daji, a wurin da ba mai son tsayawa da dare. Muka buɗe bonet, lagireto ba ya tafasa, ba hayaƙi, ba wari. Amma wa zai yi musu da geji? Inji in ya ƙone gasket, rabin kuɗinmu ya tafi. Muka kashe mota muka jira ta huce, Inna na ta jan carbi. Sau uku muna haka kafin mu isa gida.

Washegari gardama ta tashi. Auta ya ce a cire tsofaffin nan a sa na zamani masu lamba. Yaya ya ce in dai yana raye ba za a cire ba. Auta ya ce: "Yaya, tunawa da Baba ba za ta sa mu kwana da Inna a daji ba." Mun san yana da gaskiya. Muka wanke lagireto, muka sauya na'urar jin zafi da ke kan inji, aka ci mana kuɗi, dare na yi allura ta koma ja.

Sai aka kwatanta mana wani dattijo mai rewaya. Tambayarsa ta farko ita ce: "Samari, da rana take yi ko da dare?" Muka kalli juna. Ba wanda ya taɓa haɗa abin da fitila.

Ya sa aka buɗe makulli, ya zare wayar na'urar zafin, ya ɗan taɓa ta a jikin inji ya ɗauke. Allura ta tafi ƙarshe ta dawo. Ya ce gejin nan da ransa, wayarsa ma lafiya. Sannan ya ce a kunna fitila, inji ko tashi bai yi ba. Muna kallo allura ta motsa. Inji mai sanyi ƙalau!

Ya yi mana bayani. Wutar batir in ta gama aiki, ta jikin ƙarfen mota take komawa. Geji da ƙananan ƙwayayen da ke haska su duk waya ɗaya ce ke haɗa su da bodi. In wannan hanya ta toshe, wutar ƙwayayen sai ta nemi mafita ta cikin gejin, ta ture allura. Ya leƙa bayan dashbod, ya kwance wani ɗan noti, ya nuna mana. Sabon fentinmu ne ya shiga tsakanin wayar da ƙarfe. Ya kankare wurin har ya yi ƙyalli, ya ɗaure. Aka kunna fitila, allura ko gezau.

Gejin mai kuwa, wanda kullum ke nuna tanki ba komai, matsalarsa daban. Abin da ke yawo a saman fetur cikin tanki ne ya huje, ya sha mai ya nutse. Kafin ya taɓa wurin sai da ya cire kan batir, ya ce tanki ba ya wasa da tartsatsi. Allurar maleji da ke rawa, wayar da ke juya ta daga giya ce ta bushe; ya zaro ta ya wanke, ya shafa mata ɗan giris.

Da muka tambayi kuɗinsa, abin da ya faɗa bai kai na wankin lagireto ba. Ya ce: "Kafin ku tuhumi geji, ku duba abin da hannunku ya taɓa na ƙarshe."

Saura ƙiris mu jefar da abin da ya yi wa Baba aiki shekara da shekaru, kan laifin da mu muka yi. Duk mai tayar da tsohuwar mota a cikinku, in an gama fenti, ya bi duk inda waya ke haɗuwa da bodi ya kankare, kuma ya gwada geji fitila a kunne kafin ya ɗauki hanya.

Yanzu Auta ne ke tuƙa ta zuwa gona. Malejin ya ci gaba da ƙirga daga inda Baba ya tsaya. Allah ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya.