Dutsen a Hannun Hagu

Gardamar ta fara ne a kan taswira, a wani ƙaramin masauki kusa da tafkin Phewa a garin Pokhara na ƙasar Nepal. Ni da abokina mun taso daga Indiya bayan kammala karatu, da kwana goma sha shida a hannu da 'yan kuɗin da muka tara, kuma mun ƙudura sai mun kewaya tsaunukan Annapurna da ƙafa kafin mu koma gida. Hanyar kusan zobe ce. Tsawonta yana kamawa daga kilomita 160 zuwa 230, gwargwadon inda mota ta ajiye mutum da inda ta sake ɗaukarsa, kuma tun shekarar 1977 aka buɗe ta ga baƙi. A zatona na lokacin, zobe ba shi da gaba ba shi da baya. Duk inda mutum ya kama, ƙauyukan su ne, duwatsun su ne, tsawon tafiyar ma bai canza ba.

Mafi yawan matafiya suna farawa ne daga Besisahar a kudu maso gabas, su bi kogin Marsyangdi zuwa Manang, su haye mashigin Thorong La, sannan su gangaro ta Muktinath da Jomsom a yamma. Ni kuwa na so mu juya abin. Dalilaina uku ne, kuma har yau ban ga wanda ya zama shirme a cikinsu ba. Mota tana kai mutum Jomsom, har ma Muktinath, saboda haka za mu isa gindin mashigin da wuri mu rage kwanaki da kuɗin masauki. Iskar kwarin Kali Gandaki, wadda take tasowa da hantsi ta wuni tana kaɗawa daga kudu, za ta zama a bayanmu idan muka taka wannan yanki da ƙafa. Sai na uku, wanda ban faɗa da ƙarfi ba: ba na son in bi ayari kamar raƙumin fatake.

A daren nan na ɗauko littafin da nake rubuta abubuwan tafiya, na nemi in rubuta zaɓin da Hausa, sai alƙalami ya tsaya. Turanci yana da kalmomi biyu da ya rataya wa agogo, masu fassara kuma sukan ce bin hannun agogo ko saɓa masa. Maganar tana isar da saƙo, amma tana bukatar mai karatu ya tashi sama kamar shaho ya leƙo ƙasa, alhali mai tafiya a ƙasa yake, abin da ya sani shi ne wane gefensa dutsen yake. Na daɗe ina juya abin kafin in tuna yadda malaman bita suke koya wa maniyyata ɗawafi. Ba su taɓa kawo zancen agogo ba, cewa suke yi mutum ya sanya Ka'aba a hagunsa. Da wannan ma'auni sai na rubuta cewa hanyar jama'a ita ce a sa dutsen a hagu, tawa kuma a sa shi a dama.

Ina rubuta haka sai na ji ra'ayina ya sami wani ƙarfi da bai cancanta ba. Wanda ya tashi a gidan da ake buge hannun yaro idan ya kai loma da hagu, ake shiga masallaci da ƙafar dama, ake miƙa abu da dama, ba zai ji kalmomin nan biyu nauyinsu ɗaya ba. Da na karanta wa abokina, dariya ya yi.

"Malam, ai kai ne bahagon a nan," in ji shi. "Jama'a duk sun nufi can, kai ka nufi nan. Kuma in hujjar hannu ce, ɗawafi ya goyi bayana."

Haka muka kwana, kowa da hujjarsa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta shafi huhu.

Washegari ja-goran da muka ɗauka ya zo, wani magidanci ɗan ƙabilar Gurung wanda muke kira dai, wato yaya a harshen Nepal. Ya saurare ni har na gama, bai ce na yi kuskure ba. Ya tambayi tsayin garinmu daga teku. Na ce Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos kimanin 1,200, kuma ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi ta jihar Taraba, mita 2,419 ce. Ya ɗora yatsa a kan Jomsom ya ce nan, inda nake son mota ta sauke mu, ya riga ya fi wancan tsaunin namu tsawo. Sannan ya bi taswirar da yatsa yana lissafi. Daga gabas, mutum yana tashi daga ƙasa da mita 1,000, ya kwana a Chame a wajen 2,700, ya isa Manang a wajen 3,500 bayan kwanaki, ya huta, ya matsa sannu a hankali zuwa Thorong Phedi a wajen 4,500. Ranar hayewa abin da ya rage masa hawan mita 900 ne zuwa 5,416. Daga yamma kuwa, Muktinath tana wajen 3,800, kuma tsakaninta da mashigin akwai hawan mita 1,600, da 'yan masaukai kaɗan a ƙasa-ƙasa, daga nan sai dutse da iska.

A can sama, kowane numfashi yana kawo wa jiki kusan rabin iskar oksijin da yake samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma da kwanaki yake sabawa, yana ƙara yawan numfashi, daga baya ya ƙara ƙwayoyin jini. Shi ya sa likitocin tsauni suke ba da shawarar cewa idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Wanda ya yi gaggawa yakan fara da ciwon kai da tashin zuciya, idan ya dage sai ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma wannan yana kisa cikin sa'o'i. Ƙarfin jiki ba ya karewa. Kwanakin da na so in rage, su ne ainihin abin da hanyar gabas take bai wa mutum.

Na yarda, amma ban yarda da daɗin rai ba. Abokina ya kawo karin maganar nan ta hanyar lafiya a bi ta da shekara, na ce masa shekarar ce ba mu da ita.

Muka sa dutsen a hagu. Kwanakin farko sun wuce cikin gonakin shinkafa da gadojin igiya da ƙurar motocin da suka ci wani sashe na tsohuwar hanya. Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan mun shiga ƙasar mabiya addinin Buda. A bakin ƙauyuka akwai dogayen katangu na duwatsun da aka sassaƙa wa addu'o'i, hanya takan rabu biyu ta kewaye su. Na nufi ɓangaren da ya fi kusa, sai na ji an riƙe jakata ta baya. Dai ne, ya nuna mini ɗaya ɓangaren: a nan ana barin katangar a dama. Ga shi muna kewaya babban dutse da hagu saboda huhu, muna kewaya ƙananan duwatsu da dama saboda masu gari. Na tambayi kaina ko bin wannan ƙa'ida ya taɓa imanina, na ga cewa ladabin hanya ne, kamar cire takalmi a zauren wani. Daga baya na ji cewa mabiya addinin Bon, waɗanda suke da ƙauye a Lubra kusa da Jomsom, da hagu suke kewaya nasu wuraren. Ko alƙibla ma ta juya mini a wannan tafiya. Bahaushe yakan ce ya dubi gabas yana nufin ya yi salla, ni kuwa kullum mafaɗar rana nake fuskanta.

A Yak Kharka, sama da mita 4,000, abokina ya kasa cin abinci. Ya ce kansa kamar ana sara da gatari, ya yi amai sau biyu, ya kwana yana juyi. Shi ne ya fi ni ƙarfi, shi ne mai buga ƙwallo. Dai ya sa shi ya taka layi a miƙe don ya ga ko yana tangaɗi, ya saurari numfashinsa, ya ce ba za mu ƙara ko taku ɗaya sama ba, idan kuma gari ya waye bai sassauta ba, ƙasa za mu yi. A nan akwai gado da shayi mai zafi, ga hanya mai sauƙin gangara zuwa Manang inda ƙungiyar ceto ta Himalaya take da ɗakin shan magani. Na zauna a gefensa da fitilar hannu ina lissafin inda wannan dare zai same mu da an bi tawa: wataƙila a tsakiyar hawan nan na mita 1,600, babu rufi a kanmu. Ban gaya masa abin da nake lissafawa ba. Muka ƙara kwana ɗaya, ciwon ya sake shi.

Ba na cewa hanyar jama'a laya ce. A watan Oktoba na 2014 guguwar dusar ƙanƙara ta kashe fiye da mutum 40 a wannan yanki, da yawa a kusa da mashigin, a tsakiyar lokacin da aka fi ɗauka da aminci. Akwai kuma waɗanda suke hayewa daga yamma lafiya lau, mutanen da jikinsu ya riga ya saba da tsauni ko suka yi kwanaki a Muktinath suna hawa suna dawowa. Hanyata tana da masu ita, ni ne dai ba na cikinsu.

Mun bar Thorong Phedi wajen ƙarfe huɗu na asuba, cikin jerin fitilu, ayarin nan da na ƙi. Mun isa mashigin da hantsi, muka sha shayi a tsaye, sanyi bai bar mu mun daɗe ba. Sannan muka gangara mita 1,600 ɗin da na so mu hau, gwiwoyina suna rawa, ina duban kowace kwana ta hanyar da idon wanda aka yafe wa bashi. Kwana biyu bayan haka, tsakanin Kagbeni da Jomsom, iskar Kali Gandaki ta taso mana gaba da gaba, tana watsa mana yashi a ido da baki. Abokina ya janye rawanin da ya naɗe fuskarsa da shi, ya matso kusa da kunnena don in ji.

"Malam, ga iskarka nan da ka so a bayanka."

Na ce masa ya rufe baki kada ya cika da ƙasa, muka sunkuyar da kai muka ci gaba.